Spotify Ya Kawo Cikakken Sauti: Shin Canza Manhaja Zai Ƙara Wa Waƙoƙinmu Daɗi A Kwamfuta?



A ranar 10 ga Satumban 2025 kamfanin Spotify ya sanar da cewa ya fara bai wa masu biyan kuɗin Premium sautin da ba a rage masa komai ba, a ƙasashe sama da 50. Wannan alƙawari tun Fabrairun 2021 suka yi shi, watan da suka shigo Najeriya, sai da aka kwashe shekara huɗu da rabi kafin su cika. Apple Music kuwa tun Yunin 2021 ya riga su, kuma bai ƙara ko sisi a kan kuɗin wata ba. Shi ma Tidal a Yulin 2024 ya ajiye tsarin MQA da ya daɗe yana tallatawa, ya koma FLAC wanda kowa ke amfani da shi kyauta.

Tun daga nan tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin masu son kiɗa. Wannan ya ce AIMP ya fi VLC zaƙi, wancan ya rantse ba abin da ke fitar da murya kamar foobar2000, wani kuma ya ce in ba ka biya kuɗin manhaja mai tsada ba, ba ka taɓa jin waƙa ba tukuna. Kalmar da ake ta jefawa a tsakiya ita ce bit-fafet. Yau ina so mu zauna mu warware ta, domin akwai kuɗin mutane a ciki, akwai kuma makomar waƙoƙinmu na Hausa.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu. Bit-fafet gaskiya ne, kuma kyauta za ka same shi cikin minti biyar. Amma da zarar manhajoji biyu sun kai wannan matsayi, babu wadda ta fi wata daɗi. Babbar asarar da muke yi a sautin waƙar Hausa tana faruwa ne tun kafin waƙar ta iso kwamfutarka.

Waƙa lambobi ce

Kwamfuta ba ta san murya ba, ba ta san kalangu ba, lambobi kawai ta sani. In mawaƙi ya tsaya gaban makirfo a situdiyo, na'ura tana auna girgizar muryarsa sau dubbai a kowace daƙiƙa tana rubutawa. A tsarin faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ana yin awon sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo ana rubuta shi da bit 16, ga kuma ɓangare biyu, hagu da dama. In ka ninka su za ka samu bit 1,411,200 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ya sa waƙar minti biyar ke cin kusan megabayit 53 in aka ajiye ta a WAV.

Me ya sa 44,100? Kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya da lafiya yana jin girgiza har zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, kuma yana raguwa da shekaru. Ƙa'idar lissafin ita ce awo ya ɗara ninki biyu na sautin da kake son kamawa. To 44,100 ya rufe har 22,050, ya wuce inda kunne ke tsayawa. Su kuma masu fim da bidiyo sun tsaya a kan 48,000. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu dawo kansu.

MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa, dabararsa ita ce ya zubar da abin da yake ganin kunne ba zai lura da shi ba. A 128 kbps kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na bayanan ke saura, waƙar minti biyar ta koma ƙasa da megabayit 5. A 320 kbps ta koma megabayit 12. Shi kuwa FLAC, da ya fito a 2001, ninke kayan yake yi kamar mai shirya akwati: ya rage girman zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, in aka buɗe kuma komai ya dawo daidai, ko bit ɗaya bai ɓata ba. MP3 tela ne da almakashi. Abin da ya yanke ya tafi ke nan.

Motar haya da shata

Yanzu mu zo kan kwamfuta. Ka danna waƙa a laftof ɗinka mai Windows. Lambobin nan ba sa tafiya kai tsaye zuwa na'urar da ke mayar da su sauti, wadda ake kira DAC. Sai sun bi ta mahaɗar sautin Windows tukuna. Dalili kuwa mai kyau ne: kana jin waƙa, saƙon WhatsApp ya shigo da ƙararsa, ga bidiyon YouTube a buɗe a wani shafi. Dole wani ya haɗa su wuri ɗaya su fita ta sifika ɗaya.

Kamar motar haya ce a tasha, kowa ya shiga, direba ne ke da tsari. Mahaɗar tana da lamba ɗaya da aka saita mata, a kwamfutoci da yawa 48,000 ce. In waƙarka ta zo da 44,100, sai Windows ya sake lissafa ta ya mayar da ita 48,000. Daga nan ta bi ta ma'aunin ƙarar sauti, ta bi ta kayan kwalliyar da kamfanin kwamfutar ya saka, irin su ƙarin bes da daidaita ƙara. Abin da ya isa DAC ya yi kama da waƙarka ƙwarai, amma lambobin sun canza.

Bit-fafet na nufin lambobin da ke cikin fayil su isa DAC yadda suke, ba ƙari ba ragi. Hanyar samunsa ita ce ka ɗauki shata. Ba Alhaji Mamman Shata nake nufi ba, shatar mota: manhajar waƙar ta kama na'urar sauti ita kaɗai, ba fasinja ko ɗaya. Tun daga Windows Vista akwai wannan hanya a cikin tsarin da ake kira WASAPI, a ƙarƙashin zaɓin Exclusive. Akwai kuma ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, suka ƙirƙiro. Duk wanda ya taɓa zama kusa da furodusa yana aiki da FL Studio ya ga wannan suna. Su 'yan situdiyo suna amfani da shi ne don kada murya ta yi jinkiri tsakanin makirfo da hedfon.

Shata tana da tsadarta fa. Muddin waƙa na tafiya, ba za ka ji ƙarar saƙo ba, bidiyon burauza zai yi shiru ko ya ƙi tashi. Kuma in kana son bit-fafet na haƙiƙa, sai ka bar ma'aunin ƙara na manhajar a 100, ka kashe ikwalaiza da duk wani gyara, ka riƙa rage ƙara daga jikin sifika ko amfilifaya. Hattara da wannan: in hedfon ne a kunnenka, rage ƙarar tun kafin ka danna waƙa. Kunne ba shi da sifiya a kasuwa.

Masu Mac su ma suna da irin tasu. Akwai wata 'yar manhaja a ciki mai suna Audio MIDI Setup, a nan ake saita lambar. In ba ta dace da ta waƙar ba, tsarin zai sake lissafi. Wayoyin Android kuwa yawancinsu 48,000 suke mayar da komai, sai a Android 14 aka buɗe ƙofar bit-fafet ga DAC na USB, shi ma sai in kamfanin wayar da manhajar sun goyi baya.

Manhajojin ɗaya bayan ɗaya

VLC shi ne na kowa. Ɗalibai ne suka faro shi a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, kyauta ne, ba talla, kuma duk fim ɗin da ka jefa masa zai buɗe. Amma ba don wannan aikin aka gina shi ba, motar haya yake shiga. Babbar matsalarsa a wurinmu ma ba wannan ba ce, ma'aunin ƙararsa ne da ke wuce 100. Da zarar ka tura shi cikin jan layi, waƙar da dama an cika ta da ƙara sai ta fara fashewa. Mutum ya ɗora laifin a kan sifika ko a kan mawaƙi, alhali yatsansa ne.

foobar2000 ya fito a 2002, aikin wani ɗan ƙasar Folan ne mai suna Peter Pawłowski, wanda ya taɓa yi wa masu Winamp aiki. Fuskarsa ba ta da kyau, kamar takardar lissafin ofis, amma ba ya cin ƙarfin kwamfuta, tsohon laftof ma zai ɗauke shi. A sababbin fitowarsa hanyar shata na ciki: ka shiga Preferences, ka je Playback, sai Output, ka zaɓi na'urarka mai ɗauke da kalmar exclusive a gabanta. Shi ke nan.

AIMP daga Rasha yake, Artem Izmaylov ya fitar da shi a 2006. Wanda ya taso da Winamp zai ji kamar ya dawo gida: fatu kala-kala, ikwalaiza mai sanduna da yawa, ga WASAPI da ASIO duk a ciki. Masu cewa AIMP ya fi zaƙi, ku leƙa ikwalaizarsa. Sau da yawa a kunne take, an ɗaga bes da tirebul tun tuni an manta.

MusicBee na wanda ya tara waƙoƙi dubbai ne. In fayilolinka sun cakuɗe, sunan Nura M. Inuwa an rubuta shi iri biyar, waƙoƙin Umar M. Shareef sun watse a folda goma, wannan zai tsara maka su da hotuna da sunayen kundi. Shi ma yana ɗaukar shata, shi ma kyauta ne.

Winamp, wanda ya fito a 1997, ya ci zamaninsa. A Satumban 2024 masu shi suka saki rubutun manhajar ga jama'a da sharuɗɗan da suka jawo ce-ce-ku-ce, kafin ƙarshen Oktoba suka janye. Media Player na Windows 11 kuwa yana aiki lafiya don sauraron yau da kullum, ta mahaɗa yake bi.

Sai na kuɗi: JRiver, Audirvana da Roon. Roon, wanda kamfanin Harman na Samsung ya saya a ƙarshen 2023, lasisinsa na dindindin ya haura dala 800. Ku mayar da ita naira da kanku. Abin da kake saya da wannan kuɗi shi ne tsari, bayanan mawaƙa da iya tura waƙa ɗaki-ɗaki a babban gida. Lambobin da zai tura wa DAC ɗinka su ne dai waɗanda foobar2000 zai tura kyauta.

A ɓangaren masu yaɗa waƙa ta intanet, manhajojin Tidal da Qobuz na kwamfuta sun daɗe da zaɓin shata. Na Spotify kuwa, a lokacin da aka ƙaddamar da cikakken sautin, ta mahaɗa yake bi, abin da ya sa masu bin diddigi suka yi ta ƙorafi.

To wace ce ta fi daɗi?

Ga inda nake rabuwa da abokaina masu rantsuwa. In manhaja biyu duk suna bit-fafet, ma'anarsa lambobi iri ɗaya suke turawa. Injiniyoyi na da gwaji mai sauƙi: a naɗi abin da ta farko ta fitar, a naɗi na ta biyu, a kifar da ɗaya a ɗora kan ɗaya. In iri ɗaya ne, abin da zai saura shiru ne tsit. Naira dubu da ka tura ta wannan banki da wadda ka tura ta wancan, in sun isa, dubu ce dai.

To me mutane ke ji da suke cewa akwai bambanci? Ba ƙarya suke yi ba. Na farko, ƙara. An daɗe da sanin cewa in aka kunna abu ɗaya sau biyu, ɗaya ya ɗan fi ƙara ko da abin da bai kai desibel ɗaya ba, mutane sukan ce mai ƙarar ya fi kyau, ba tare da sun gane ƙara ce kawai ba. In ka koma shata, sau da yawa ƙarar kan tashi, sai ka ji kamar an buɗe taga. Na biyu, kayan kwalliyar kamfanin kwamfuta da shata ta tsallake. Wannan bambanci ne na gaske, wani lokaci babba, amma kana iya kashe su a saitin sautin Windows ba tare da ka canza manhaja ba. Na uku, zuciya. In ka biya kuɗi mai yawa, kunnenka zai taya ka neman hujja.

Shi kansa mayar da 44,100 zuwa 48,000 da ake tsoro, a zamanin Windows XP an yi kuka da shi da dalili. A Windows na yanzu kurakuran lissafin sun yi ƙasa sosai, ƙarar fankar ɗakinka ta ninka su nesa ba kusa ba, balle janaretan maƙwabci.

Akwai bincike a kan makamancin wannan. A 2007 wasu masu bincike biyu a Amurka, Meyer da Moran, suka gwada mutane da sauti mai zurfin da ya wuce na CD, da kuma shi ɗin bayan an rage shi zuwa matakin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ake kunnawa ba. Cikin gwaji 554 an dace sau 276. Rabi ke nan, daidai da jefa kwabo. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike da dama ya ga akwai ɗan bambanci da ake iya ganowa, kaɗan sama da rabi, musamman ga waɗanda aka horar. Ka ga ke nan ko masana ba su ce babu komai ba, amma abin da ake faɗa a kansa ɗan mitsitsi ne.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. foobar2000 na da wani ƙari kyauta mai suna ABX Comparator. Ka ba shi fayil biyu na waƙa ɗaya, FLAC da MP3 da aka cire daga gare shi, zai riƙa kunna maka ɗaya a ɓoye ka faɗi wanne ne. Yi sau 16. In ka ci 12 ko fiye, kunnenka ya ji wani abu. Mutane da yawa sukan kama na 128 kbps, musamman a ƙarar kuge da tafi da harafin "s". A 320 kbps kuwa, nan ake jin maza sun yi shiru.

Inda ruwan ke zubewa

Mu dawo gida. Bi tafiyar waƙar fim ɗaya. Furodusa ya gama aiki a situdiyo, a kwamfutarsa waƙar na nan cikakkiya. Mawaƙi na sauri, sai a fitar masa da MP3 a tura masa ta waya. Yanka na farko. Mai tace bidiyo ya karɓi wannan MP3 ɗin ya ɗora a kan hoto, ya fitar a 48,000 da wani matsi na daban. Yanka na biyu. A ɗora a YouTube, shi ma ya sake matse sautin da nasa tsarin. Na uku. Wani ya sauke da manhajar sauke bidiyo ya mayar MP3. Na huɗu. Wani shafin ya ɗora muryar tallarsa a farkon waƙar ya sake fitarwa. Na biyar. Daga nan ta shiga hannun masu tura waƙa a memori, ta bi Xender daga waya zuwa waya. Shi Xender ba ya rage komai, abin da aka ba shi yake kaiwa, amma abin da aka ba shi ya riga ya sha almakashi sau biyar.

Wannan fayil ɗin ne za ka kawo wa foobar2000 ka ce ya ɗauki shata. Zai ɗauka kuwa, zai kai maka lalacewar cikin aminci, ko bit ɗaya ba zai taɓa ba. Ka ɗauki hayar mota mai tsada ka kai tumatirin da ya riga ya ruɓe.

Kada kuma lambar 320 da ke jikin fayil ta ruɗe ka. In aka ɗauki waƙar 128 aka sake fitar da ita a 320, ko ma a FLAC, girma kawai ta ƙara. Kana iya kama wannan da idonka. Akwai manhaja kyauta mai suna Spek, Audacity ma na yi. Jefa waƙar ciki, za ta zana maka hoton sautin. In ka ga an yanke saman hoton ƙat kamar da reza a wajen 16,000, akwai alamar daga ƙaramin MP3 ta fito, ko me aka rubuta a jikinta. A nan kam gani ya kori ji.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan matsala na iya bin mu har cikin Spotify da Apple Music. Waɗannan kamfanoni abin da dillalin waƙa ya miƙa musu shi suke yaɗawa, kuma akwai dillalan da ke karɓar MP3. In mawaƙinmu ya ɗora MP3 saboda shi kaɗai ke hannunsa, mai sauraro zai ga tambarin cikakken sauti, ya ƙona data mai yawa, abin da ke shiga kunnensa kuwa tsohon yankakken fayil ne a sabuwar riga.

Akwai kuma cutar cika ƙara tun daga situdiyo. Kowa na son waƙarsa ta fi ta wani tashi a sifikar biki da ta Adaidaita, sai a danne ta har ganga da murya su manne, ba wurin numfashi. Ba mu kaɗai ba ne, Turawa sun sha wannan yaƙi: kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica a 2008 har masoyansu sai da suka yi kuka da yadda sautinsa ke fashewa. Abin dariyar shi ne yanzu Spotify da YouTube suna daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, wajen ma'aunin da ake kira -14 LUFS. Wanda ya cika ƙara sai a rage masa, ya tashi ba ƙarar, ba kuma numfashin da ya sadaukar.

Bluetooth, data da aljihu

In da Bluetooth kake ji, maganar bit-fafet ta ƙare tun a nan. Tsarin SBC da yawancin ƙananan sifiku da iyafis ke amfani da shi bai wuce wajen 328 kbps ba. LDAC na Sony, da ake yabo, iyakarsa 990. CD kuwa 1,411 ne. Ko Spotify da kansa ya faɗa a sanarwarsa cewa Bluetooth ba shi da faɗin ɗaukar cikakken sauti, ya ba da shawarar a yi amfani da hedfon ko sifika mai igiya. Wannan ba ya nufin Bluetooth ba daɗi. Yana nufin kada ka ƙona data a kan abin da za a sake matsewa kafin ya isa kunnenka.

Data kuwa ba wasa ba ce, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Yi lissafi: gigabayit ɗaya zai ba ka waƙoƙin minti biyar kusan 200 a 128 kbps, kusan 80 a 320, amma a FLAC talatin da 'yan kai. In kana da Wi-Fi a makaranta ko wurin aiki, sauke waɗanda ka fi so a cikakken sauti ka ajiye. A kan hanya, cikin hayaniyar titi, matsakaici ya ishe ka.

In kana da 'yan kuɗi kana son sauti ya gyaru, ga inda za su yi aiki. Na farko hedfon ko sifika mai kyau, domin nan ne bambanci ke fitowa fili, kowa zai ji ba sai an yi gardama ba. Na biyu, in laftof ɗinka na fitar da zuuu ko tsiii musamman in caja na jiki, ƙaramin DAC na USB kan magance shi sau da yawa. Ba sai mai tsada ba, ɗan igiyar USB-C na Apple da ake sayarwa dala 9 a Amurka DAC ne a cikinsa, kuma masu awo sun yaba masa. Manhaja ita ce ta ƙarshe a layi, kuma kyauta ce.

Kira ga mawaƙa da furodusoshi

Wannan ne ainihin abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu. Dubi yadda muke jin Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Ɗankwairo, ko Barmani Choge, ko Ɗan Maraya Jos. Da yawa daga abin da ke yawo a wayoyinmu kwafin kwafin kaset ne, da shuuu ɗinsa da rawar murya. Su suna da uzuri, zamaninsu ke nan. Mu ba mu da shi. Cikakkiyar waƙa megabayit 53 ce kacal, kundi guda bai cika gigabayit ɗaya ba. Amma kwamfutar situdiyo kan mutu, a yi fomatin, a sace laftof, ɓarawo bai san ya tafi da aikin shekara goma ba. Ko manyan duniya ba su tsira ba: gobarar da ta tashi a harabar Universal a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin faifan asali na manyan mawaƙa. In haka ta samu masu ɗakin ajiya, ina ga mai hadis ɗaya a ƙarƙashin tebur?

Don haka malam mawaƙi, ranar da ka biya kuɗin situdiyo kada ka fita sai da WAV a hannunka, da kiɗan daban da muryar daban in zai yiwu. Ajiye a wuri biyu, ɗaya a gida, ɗaya a intanet. In za ka tura wa mai tace bidiyo ta WhatsApp, tura a matsayin dokumen, a nan ba ya taɓa fayil. In za ka ɗora a Spotify, Apple Music, Audiomack ko Boomplay, WAV ɗin za ka bayar, su matse da kansu sau ɗaya. Oga furodusa, kai ma ka bar wa waƙa wurin numfashi. Nan da shekara talatin, in jikokinmu suka nemi Jaruma ta Hamisu Breaker ko wata waƙar da ta riƙe zamaninmu, ya kamata su same ta yadda ta fito, ba wadda aka kwaso daga YouTube da muryar talla a kanta ba.

Mu kuma masu sauraro, namu mai sauƙi ne. Nemi waƙa daga shafin mawaƙin na gaskiya, hakan ma shi ke sa ya samu ɗan abin sawa a aljihu. Kashe kayan kwalliyar Windows, kada ka wuce 100 a VLC. In kana son shata, sauke foobar2000, AIMP ko MusicBee, wanda fuskarsa ta fi kwanta maka, ka kunna Exclusive. In kuma kai mai son bes ne har ƙirji ya riƙa girgiza, ɗaga ikwalaizarka ka more, ba wanda zai kama ka. Ka dai san kai ka zaɓi hakan, ba manhajar ce ta fi ta abokinka ba.

Wanda ya yi gwajin ABX ɗin nan, ya ajiye mana sakamakonsa a ƙasa: waƙar da ya gwada, hedfon da ya sa, da nawa ya ci cikin 16. A faɗi gaskiya fa, ban da ƙari. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.